Gidan da Aka Yanka Kafin a Gina

A shagon buga manyan takardu suka fara haɗuwa, kuma ba a yanayin da budurwa za ta so a fara ganinta ba, domin rabin jikinta yana cikin kwalin shara.

Mai shagon ya saba da ita. Duk zanen ginin da inji ya ɓata, ko wanda masu shi suka fasa karɓa, a wani ƙaton kwali yake zubawa bayan ƙofa, ita kuma ta zo ta tsince. Auta ake ce mata a gida. Zane ta karanta a jami'a, amma ta ajiye burushi ta kama almakashi. Takan yayyanka taswirori da zanen gine-gine da tsofaffin tikitin mota, ta jera guntayen a kan allo ta manne da sitaci, har su zama hoton da ba na mutum ba, ba na gida ba, amma duk wanda ya tsaya a gabansa sai ya ji kamar ya taɓa ɓacewa a wannan unguwar. A makaranta kolaj ake kiran aikin. Yayarta kuwa ɓarnar takarda take ce masa.

"Malama, wannan takardar tawa ce."

Ta ɗago. Dogon saurayi ne siriri, riga a goge, fensira a aljihun gaba an jera su bisa tsawo.

"A shara na same ta," in ji ta.

"Ni na jefar. Layi ɗaya ne ya karkace."

Ta buɗe takardar ta duba. Zanen wani fili ne a gaban dogayen ofisoshi, komai fes, komai a miƙe.

"Layi ɗaya kawai ka gani? To a nan, in mutum ya gaji, ina zai zauna?"

"Ba wurin zama ba ne, wurin wucewa ne."

"Shi ya sa ake wucewa ba a waiwaye."

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ga ta kife takardar, ta zaro almakashi daga jaka, ta fara yanka ta baya. Har sai da ya runtse ido.

"Ko ba kya ganin abin da kike yankawa?"

"Da gangan. In ina kallon zanen, hannuna sai ya bi layin mai zanen. In na kife, nawa nake bi. Sai na gama in juya in ga abin da Allah ya ba ni."

"Kuma wannan sana'a ce?"

"Kamar yadda jera fensira bisa tsawo yake sana'a."

Ya kalli aljihunsa, ya yi dariyar da bai shirya ba. Kafin a gama buga masa takardunsa ta san cewa mai zanen gine-gine ne a wani babban ofis, shi kuma ya karɓi lambarta da hujjar cewa suna da takardun da ake zubarwa duk mako, asara ce a ƙona su. A wayarta Malam Rula ta rubuta. Shi kuma a tasa ya rubuta Almakashi.

Ya cika alkawari. Duk ƙarshen mako sai ya zo da naɗin takardu a hammata, ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin da ta mayar wurin aiki a bayan gidansu, ya yi ta kallon yadda take ɗaiɗaita aikin da mutane suka ɓata watanni suna yi. Da farko yakan ce ciwon kai abin yake sa masa. Daga baya ya fara tsayawa a gaban allunan yana nazarinsu.

"Wannan mahaɗar titin bayan asibiti ce," ya ce wata rana. "Babu ko alama ɗaya tata a ciki, amma ita ce. Har na ji tsoron tsallakawa."

Daɗin maganar ya kwana biyu bai bar Auta ba.

Suka fara yawo a ƙafa. Shi ya nuna mata dalilin da ya sa aka karkatar da kwata, da abin da ke riƙe da rufin tasha ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ita kuma ta nuna masa hanyar da ƙafafun mutane suka fitar a tsakiyar ciyawa, nesa da wadda aka shimfiɗa musu. Kullum sai sun yi musu, kullum kuma sai ya raka ta har ƙofa.

Saƙonsa na farko da ba na takarda ba cewa ya yi:

"Almakashi, yau na zana benci a inda ba a ce in zana ba. Oga ya tambaye ni dalili, na rasa amsa. Laifinki ne."

Ta mayar masa:

"Sannu da ƙoƙari, Malam Rula. Akwai inuwa a kansa?"

"Akwai. Kuma na mutum biyu ne."

Ta daɗe tana kallon wayar. Yaya, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ba a ɓoye mata zazzaɓi, ta leƙo ta ce, "Auta, wa ya mutu kike wa waya murmushi haka?"

Maganar gaskiya, son shi take yi, kuma ta daina musun hakan ko a ranta. Shi ma ya faɗa mata ba kwana-kwana, a bakin wata gada, motoci na ta wucewa har sai da ya maimaita.

Saura Baba.

Baba mai gyaran agogo ne. Shekara da shekaru shagonsa yana wani tsohon layi, ƙofa a bakin titi, mai wucewa ya miƙo agogo ta taga su gaisa. Aka rushe layin aka gina benen shaguna, aka ba tsofaffin 'yan layin wuri a hawa na uku. Babu lif, injin da ke hawa da mutane sama. Masu agogo suka daina hawa, abokan hira suka watse, gwiwarsa kuma ta fara ba shi labari. Bai taɓa kuka da kowa ba, sai dai duk safiya Auta takan ga yadda yake daɗewa wajen ɗaura takalmi.

Mutum ɗaya ne bai gaji da hawan benen ba, shi ne Mai Galari, wanda ya yi wa Auta alkawarin bango guda a gidansa na nunin zane. Mutum ne mai ƙamshi da fara'a, kuma agogunansa suna da wata irin lalura ta lalacewa duk mako. Baba ya san lafiyarsu ƙalau, amma yana jin daɗin hirar.

Ranar da Rula zai je gaida Baba, Auta ta riga shi zuwa shagon da abincin rana. Ya iso yana haki, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba ya amsa da sakin fuska, ya tambayi iyayensa, ya tambayi wurin aikinsa. Da ya ji sunan ofishin sai ya cire gilashinsa na ido ɗaya ya ajiye.

"Ku kuka zana ginin nan."

"Mu ne, Baba."

"Matakalar da ka hawo fa?"

Auta ta yi wa Rula ido. Ya gani sarai, amma ya ce, "Ni na zana ta. Ita ce aikina na farko a ofis. A zanen akwai lif, daga baya masu ginin suka cire. Amma matakalar tawa ce."

Baba ya gyaɗa kai, ya mayar da gilashinsa.

"To madalla. In za ka sauka ka bi a hankali, tana da santsi a kwana."

Iyakar hirar ke nan.

A gida Auta ta yi magiya, Yaya ta sa baki, Baba ya saurare su har suka gaji. Sannan ya ce, "Ban ce yaron banza ba ne. Ya faɗi gaskiya, na ba shi wannan. Amma mutumin da ya saba tsara wa jama'a rayuwarsu daga kan tebur, bai san su ba, bai tambaye su ba, haka zai tsara miki taki. Ban yarda ba, Auta. Kada ya turo kowa."

Baba ba ya faɗa da ƙarfi, kuma ba ya maimaitawa. Auta ta san ba za ta yi aure ba da yardarsa ba, ta kuma san ba ta son kowa sai wannan mai fensiran. A tsakanin nan ta zauna, ta rame, ta duƙufa kan aikin nuninta.

Rula bai daina kawo takardu ba, sai dai yanzu a bakin ƙofar gida yake ba Yaya ya juya. Wani mako naɗin ya zo da nauyi fiye da kullum. Auta ta warware shi a kife kamar yadda ta saba. A tsakiya akwai wata takarda mai kauri, mai laushi, irin wadda almakashi ke shiga kamar ana yanka sabon yadi. Ta yanka ta tas. Da ta juya guntayen sai ta ga layukan fensir ne na hannu, siraran gaske, ta ɗauka wani tsohon zane ne aka kwaso daga sito. Masu rubutu a jiki ta watsa su kwalin ragowa ba ta karanta ba, domin ba ta sa rubutu a aikinta. Ta ce mutane tsayawa suke su karanta su manta da kallo.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Kin buɗe naɗin?"

"Na buɗe. Na gode, Rulana."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Sauran sai ranar nuni. Ka zo da wuri."

Guntayen nan su suka zama zuciyar babban allonta. Ta cusa su a tsakanin hotunan dogayen gidajen haya, ta matse su, taga a kan taga, ƙofar da ba ta fita ko'ina. Ta sa wa aikin suna Ba Wurin Zama.

Ranar nuni gidan ya cika. Rula ya zo da sabuwar riga. Auta tana can tana amsa tambayoyin baƙi ta hango shi ya tsaya a gaban babban allon, ya matsa kusa, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓawa. Mai Galari ya je ya tsaya a gefensa da kofi a hannu. Da ta samu ta kutsa ta iso, ƙarshen maganar Mai Galari kawai ta ji.

"Ai ita ta faɗa min da bakinta, irin gidan da ko kyauta aka ba ta ba za ta kwana a ciki ba. Ku masu zane sai haƙuri."

Ta faɗa ɗin kuwa, a kan gidajen haya. Rula ya juyo ya kalle ta, fuskarsa ba fushi, sai wani abu da ya fi fushi wuyar kallo. Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya fita.

Kafin ta isa gida saƙo ya riga ta:

"Na ga amsarki a bango. Da kin faɗa min tsakanina da ke, da ya fi min sauƙi. Na gode da komai."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta:

"Tun ranar farko ka san abin da nake yi da zanenku. Yau ne zai yi maka zafi don an taru? In ofishinku ya fi maka, ka riƙe shi."

Bai amsa ba. Ita ma ta yi alkawarin ba za ta sake nema ba, ta kuma riƙe alkawarin da kyar, tana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Takardu suka daina zuwa. Mai Galari kuwa agogunansa suka ƙara lalacewa, har ya fara yi wa Baba zancen cewa mutum ba ya zama haka ba iyali.

Yaya ce ta tono abin. Wata safiyar hutu ta shiga ɗakin aikin da tsintsiya tana mita, ta ɗaga kwalin ragowa, gindinsa ya ɓalle, guntaye suka watse. Tana tattarawa ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido.

"Auta, wace ce Almakashi?"

"Me ya faru?"

"Ga shi an rubuta, ɗakin aikin Almakashi, taga ta arewa don haske."

Auta ta karɓa. Rubutunsa ne, ƙanana, a miƙe. Ta zube a ƙasa tana tona guntayen. Kicin. Ɗakin yara. Baranda. Gida ne ya zana musu da hannunsa, ba da kwamfuta ba, ya naɗe a tsakiyar shara saboda kunya, yana jiran ta buɗe ta gani. Ita kuma ta kife shi ta yanka, ta manna a bango a gaban jama'a, ta rubuta a ƙasa cewa ba wurin zama ba ne.

"Na shiga uku, Yaya."

"Kin shiga," in ji Yaya. "Shi ma da nasa. Wa ke ba akuya ajiyar ganye? Tashi ki wanke fuska."

Ta kira shi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai ta rubuta:

"Ban gani ba. Wallahi ban gani ba, ta baya na yanka. Yanzu na ga rubutunka. Kada ka ce komai, ka ba ni lokaci."

Daga nan gidan nuni ta wuce. Mai Galari ya tarbe ta da albishir cewa wani otal yana son babban allon, kuma in ta amince akwai nuni na biyu, akwai ma maganar da ta fi nuni, wadda yake so ya kai wa Baba.

"Allon ba na sayarwa ba ne," ta ce. "Maganar kuma kada ka wahalar da kanka, akwai wanda nake so."

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce in ta sauke allon kafin a rufe nuni, to ta sauke sauran ma, kuma kada ta sake tsammanin bango a wurinsa. Ta san ba wani gidan nunin da zai karɓe ta nan kusa. Ta ce ta ji. Ita da direban motar haya suka fito da allunan ɗaya bayan ɗaya.

Sitaci yana da kirki ɗaya, in ya sha tururi yakan saki. Ta kwantar da allon a tsakar falo, ta dafa ruwa a buta, tana kara bakin butar tana ɗaga guntayen da wuƙar kicin. Na farko ya fito lafiya. Na biyu ya yage. Na uku ma ya yage, ta zauna tana hawaye da wuƙa a hannu.

Baba yana kan kujerarsa yana kallo ta saman jarida. Mutum ne da zai iya jure komai ban da ganin ana aikin hannu da ganganci.

"Ke, ajiye wuƙar nan kafin ki kashe shi gaba ɗaya."

Ya shiga ɗaki ya fito da hantsakinsa da gilashin ido ɗaya. Ya sauka ƙasa da kyar, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Kara tururin nan. Ba da yawa ba. Zanen wa ne?"

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba. Hantsakin ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Ta ɗauka zai tashi. Sai ya ce, "Matso da butar," ya ci gaba. Baba bai taɓa barin abu a warwatse ba, ko na maƙiyinsa ne.

Suka wuni a kai. Shi yana ɗagowa, Yaya tana shanyawa a kan tawul, Auta tana haɗa layi da layi a kan sabon allo. Gidan ya fara fitowa da tabo ko'ina. Ƙarami ne, hawa ɗaya, da tsakar gida da bishiya. Wasu guntayen sun ɓata, kusurwar kicin babu ita sam.

Wajen la'asar Baba ya ɗauko wani guntu daga na kwalin, ya juya shi, ya ga inda zai shiga a gaban gidan, wani ɗaki mai faɗin taga da ke kallon titi. Ya sa gilashi ya karanta a hankali, a fili:

"Shagon Baba. Daidai da titi, babu matakala. Benci a waje don masu hira."

Baba ya nemo guntun kusurwar ƙasa inda masu zane ke sa kwanan wata, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Bayan na kore shi ya zana wannan," ya ce.

Ya cire gilashin ya goge idon da gefen riga, ya ce tururi ne. Sannan ya ce, "Kira min shi."

Wannan karon Yaya ce ta kira da wayarta, ta ce masa Baba ke nemansa, in ya ga dama. Kafin rana ta faɗi ya iso, ba fensir ko ɗaya a aljihu, rigar ma ba guga. Ya durƙusa ya gaida Baba, idonsa ya sauka a kan allon, ya kasa ɗaukewa.

"Ka yi haƙuri," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kicin ɗin ya tafi."

"Ni na san yadda kike yanka," ya ce. "Na sha gani. Ban san me ya shiga kaina ba. Kuma da na tsaya na tambaye ki ranar nan, da ba a kai haka ba."

"To ka zo wurin," in ji Baba. "Zauna, yaro. Shagon nan na gani, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya taɓa ni. Na yi maka rashin kirki, ka tafi ka tuna da gwiwata. Amma dubi nan. Ka sa min taga tana kallon yamma. Mai gyaran agogo da rana a ido? Ka sa wa Auta ɗakin aiki kusa da ɗakin yara, ita da ke barin reza a ko'ina. Ka yi mana alheri, amma wannan karon ma ba ka tambayi kowa ba."

Rula ya sunkuyar da kai. Auta ta ɗauka an koma gidan jiya.

Sai ya ɗago ya ce, "Yaya, a taimaka min da fensir da farar takarda."

Aka kawo. Ya shimfiɗa takardar a ƙasa a gaban Baba, ya riƙe fensirin bai zana komai ba.

"Baba, ina kake son ƙofar?"

Baba ya kalle shi, ya kalli takardar. Ya gyara zaman ƙafarsa, ya sa yatsa a gefe ɗaya.

"Nan. Kuma bencin ka ƙara masa tsawo, abokaina suna da ƙiba."

Aka yi ta yi har aka kira sallah. Auta ta ce ɗakin aikinta a can ƙarshe take so, da famfo a ciki. Yaya ta ce in babu ɗakin baƙi to ita ba ta yarda da auren ba. Da Rula ya tashi tafiya, Baba ya ce masa, ba tare da ya ɗago daga takardar ba, "Ka gaya wa manyanka ina gida ranar hutu."

A bakin ƙofa Rula ya tsaya yana murmushi kamar wanda aka biya bashin da ya fid da rai.

"Almakashina."

"Na'am, Rulana."

"Duk abin da zan ba ki nan gaba, a hannu zan ba ki, a buɗe."

"Ni kuma zan duba. Sau ɗaya dai, kada ka saba."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure, taro daidai misali, 'yan ofis a gefe ɗaya, tsofaffin 'yan layin Baba a ɗaya gefen suna yi musu kallon bincike. Gidan ba a fara shi ba tukuna, fili kawai aka samu a bakin gari. Ɗaki biyu suka kama haya, Auta ta mayar da rabin falon wurin aiki tun kafin a gama shigo da kujeru. Gidan nuni bai sake kiranta ba, amma wata makaranta ta ba ta bangon zaurenta, ta karɓa da murna.

Da yammar ranar da aka kai ta, bayan 'yan rakiya sun watse, wayarta ta yi ƙara. Ta duba ta sake dubawa, domin Baba bai taɓa tura wa kowa saƙo ba a rayuwarsa, kira yake yi ya faɗi magana ya kashe.

"Auta. Da fatan kun isa lafiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a tagari. Na yafe miki duniya da lahira. Ki gaida ɗana. Gidan ya yi shiru. Babanki."

Ta karanta wa mijinta a fili, muryarta ta karye a kusa da ƙarshe. Ya karɓi wayar ya ƙarasa da kansa, ya ce amin, ita ma ta ce amin.

"Gobe da safe mu je mu yi masa surutu," in ji shi.